Shaidar da ke Yatsan Raihana

Tun da safe Malam Labaran baduku ya rufe rumfarsa, ya bi masu rigakafin shan inna lungu-lungu cikin Birnin Zariya. Ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Shi ne mai sallama a kowane zaure, shi ne mai magiya, yana haɗa hannuwan nan nasa da rinin fata ya cinye.

Mamaki ya ishi mutanen unguwa. To, ina dalili? 'Yarsa Raihana ce fa ƙafarta ta shanye bara, yarinyar da kowa ya sha ganin tawadar masu rigakafi a ƙaramin yatsanta, shaidar an ɗiga mata. Likita ya ce sabon nau'in ƙwayar cutar ne ke yawo, kuma ɗigon yana kare yaro muddin ana ba shi a kai a kai. Wa zai saurara? Magana ta bazu cewa maganin bai iya da wannan sabuwar ba, ga Raihana nan kowa na gani. Gidaje suka fara rufe ƙofa.

Abin da ke cin Labaran ke nan. Duk gidan da aka hana, ji yake kamar shi ya sa sakata. Ya rame, ko tuwo ba ya wuce masa, in Raihana ta jawo ƙafa ta nufo shi sai ya kau da kai.

Da hantsi suka iso gidan maƙwabcinsa Suhaib, mai jariri sabon haihuwa. Suhaib ya tokare bakin zaure.

"Haba Malam Labaran! Kai ne za ka ce in bayar? Taka da aka yi ta ba, me ya tsinana mata?"

"Don girman Allah ka bari a ɗiga masa. Wallahi maganin nan yana aiki."

Barira, matar Labaran, ta leƙo daga gidansu, goye da Raihana.

"Malam, ka ƙyale mutane haka nan. Duk ranar da suka zo, in na dawo daga koyarwa, da idona nake ganin shaidar a yatsanta. Bai hana komai ba."

Suhaib ya zuba masa ido, yana jiran amsa. Labaran ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ya dubi siririyar ƙafar da ke reto a bayanta. Kaico, sai ya kau da kai! Suhaib ya ja ƙyaure ya rufe, jaririn na kuka daga ciki.

Masu rigakafi suka yi gaba, shi kuwa ya tsaya nan ƙofar gidan Suhaib cikin kunya da nadama. Ya san maganin bai gaza ba. Duk zagayen da aka yi a baya, da ya jiyo sallamarsu a lungu, shi yake ɗora Raihana a cinya ya shafa mata rinin fata a yatsa don su ga shaida su wuce, har ta kamu ko ɗigo ɗaya bai taɓa shiga bakinta ba.