Daga Gidan Wa Ciwon Ya Fito?

Likita na cewa kansar ƙodar jikarta Mahbuba ta gado ce, Inna Yakaka ta figi mayafi ta zaga unguwar Kwaciri gida-gida.

"Daga dangin uwarta ne, 'yan Sabon Gari. Mu a gidanmu tsufa kawai ke kashe mutum."

Ita ta nace a gwada matar ɗanta, Adaugo, uwar Mahbuba, har ta bi ta asibiti don ta riga kowa jin labari. Likita ya ce tunda ta zo, ita ma a duba ta.

Sakamako ya fito, Adaugo lafiya lau. A ƙodar Inna aka hango ƙari, ɗan ƙarami, zai ciru.

Cikin adaidaita Adaugo ta gyara mata mayafi.

"Inna, ke za ki sanar da Kwaciri, ko in taya ki?"