Sabon Gas, Tsohon Hannu

"Yaya, ajiye laitar nan!" na daka masa tsawa.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya sunkuya cikin bonet ɗin motar wata mata, yana neman inda gas ɗin AC ke yoyo.

Haka maigidanmu ya koya mana aikin: ka kai harshen wuta kusa da bututu, in ya koma kore, nan ɓular take. Amma wancan tsohon gas ne, wanda aka hana saboda yana lalata sararin samaniya. Wanda ake ɗurawa yanzu ba ruwansa da sama, sai dai yana kama wuta. Ruwan sabulu ake shafawa a ga inda ya yi kumfa. Na faɗa masa har bakina ya gaji.

Babban yatsansa na kan laitar. Can sai ya jefa ta aljihu, ya jawo robar ruwan sabulu.

Na sauke ajiyar zuciya.

Matar ta nuna ƙonanniyar motar da ke kusurwar garejin. "Malam, wannan fa? Ba za ka bai wa 'yan gwangwan ba?"

Yaya ya juya ya dubi ƙonanniyar motar.

"Ƙanena ne a ciki ranar da ta kama wuta, yana taka mini totur," ya ce. "Duk sanda na ɗauko laita, sai in ji kamar yana kirana."

Na dubi hannuwana. Rana na ratsa su, ko inuwa babu a ƙasa.

Ashe dai yana jina.