Simintin Rijiyar Tirmini

Shekara biyu kafin 'yancin kai, Alkasum yana injiniyan rijiyoyi a Damagaram. Farin kaki, takalmi sai ƙyalli, aljihu kuwa fayau. Nasaran da suke biro ɗaya, wato ofis, ana ƙara masa kuɗin zafin rana. Alkasum da aka haifa cikin ranar, albashinsa ba ya kai tsakiyar wata, ga gero ya yi tsada, ga ruwan sha ma sai an saya.

Sai Inno, mahaifiyarsa, ta aiko daga Hamdara cewa rumbu ya ƙare. Mahaifinsa, Mai Nasara, bai aiko da komai ba. Alkasum ɗan fari ne, tsohon ko sunansa ba ya kamawa, balle ya roƙe shi. An dai ce ya tafi cin rani, bai faɗi inda ya nufa ba.

Abin ya ci Alkasum a rai. Ya karkatar da rabin simintin rijiyar Tirmini wurin wani ɗan kasuwa, ya sa a cike gurbin da yashi, ya sayi gero ya aika gida. Ya ce wa kansa sau ɗaya ne.

Duk ranar da ya je duba aiki, leburori kan zube su gaishe shi da "Mushe", yallaɓai a bakin Faransa, ban da wani tsoho. Da ya hango ƙurar mota sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya kama igiya ya sauka rijiya. Alkasum ya ɗauke shi raini, har ya yi niyyar korarsa, ya manta.

Wata Laraba da hantsi bangon rijiyar ya rufta. Ko da Alkasum ya iso an fito da mutum ɗaya, an lulluɓe shi da tabarma. Shi kuwa lissafin yadda zai ɗora wa ƙasar wurin laifi yake yi. Ya tambayi Habu, shugaban leburori, don me aka bar mutum ya sauka bayan bango ya fara tsagewa.

Habu ya sunkuyar da kai.

"Mushe, kowa ya ƙi shiga sai tsohon nan mai rawani, Mai Nasara na Hamdara. Ya ce shi ba ya tsoro, yaron gidansa ne ya auna simintin."