Filin Da Babu Kowa

"Halas, shi ke nan, ta uku muka ɗauka," in ji babban injiniya, daidai lokacin da mai shayi ta shigo da tire.

Kwamfuta ce ta auna musu hanyoyi uku na raba garin Gadarif da ambaliya. Biyu daga ciki sai an rushe shagunan kasuwa. Ta ukun kuwa lambatu ne kawai, zai kwashe ruwan unguwanni ya juye a wani fili bayan gari. Jibi za a fara haƙa.

"Mutum nawa abin zai shafa?" wani ya tambaya.

"Ko ɗaya. Ga hoton wurin."

Mai shayi ta ɗaga kai ta dubi allon. Baƙar ƙasa ce fetal, sai aduwa guda mai karkataccen reshe.

"Ya ustaz, yaushe aka ɗauki hoton nan?"

"Kafin yaƙi, hajja. Ƙaro mana sukari."

Da ta fito, hadari ya haɗo daga wajen Habasha, baƙi ƙirin. Ta san reshen nan sarai. Tun da suka gudo daga Khartum, su gida ɗari biyu, suka yada zango a filin nan, a jikinsa take ɗaure igiyar shanya. Yau ma da safe ta bar rigunan jikokinta a kai.