Mai Zabi da Kwikwiyon Gidan Maƙeri

Tunda ka ce kana neman ɗan kwikwiyo, kuma ka rasa ko na birni mai asali za ka ɗauko ko na ƙauye mai ruwa biyu, gyara zama ka ji abin da ya faru da wata mata.

A ƙarshen gari take zaune, daga katangarta sai gonaki. Sana'arta kiwon zabi: takan sa wa kaza ƙwan zabuwa ta ƙyanƙyashe, ta raini 'yan tsakin har su isa kasuwa, da haka take ci take sha. Tsohon karenta ya yi shekara goma sha ɗaya yana kwance a bakin akurki, bai taɓa lasar ko ƙwai ba. Da ya mutu, kafin wata ya zagayo shirwa da tunku sun raba mata garke biyu. Ɗan ƙanenta, direba ne a birni, ya ji labari ya zo ya ɗauke ta a mota, ya kai ta gidan wani mai kiwon karnuka. Aka fito mata da kwiyakwiyai huɗu, gashi na sheƙi, ƙafafu kamar taɓarya, kowanne da takardar da ta lissafa kakanninsa. Ta shafa su, ranta ya biya, ba ƙarya. Amma ta ce a nuna mata uwar. Aka kai ta bayan gida, ga karya doguwa kyakkyawa tana zagaye a fili. Suna tsaye sai wata tattabara ta sauka shan ruwa. Ƙiftawar ido ɗaya, sai gashin tsuntsu ke tashi a iska. Mai gidan mutum ne mai gaskiya, ya ce, "Inna, jinin farauta ne tsantsa, don haka aka yi su." Ta ce Allah ya sa albarka, aikin nan ya yi kyau, amma ba nata ba ne. Ɗan ƙanen nata bai ji daɗi ba, duk hanya yana cewa, "Gwaggo, ai horo ake yi musu." Ita dai kallon taga take.

A wani ƙauye suka tsaya salla, ta shiga gidan wani maƙeri neman ruwan alwala. A gindin rumbu ta ga wata karya ramammiya, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, jikinta dabbare-dabbare kamar an yayyafa mata toka. Tana shayar da 'ya'ya uku, 'yan tsakin gidan kuma suna hawa bayanta suna sauka, wani har yana tsattsagar tsaba a kan hancinta. Ba abin da take yi sai lumshe ido. Matar ta manta da buta a hannunta. Ta tambayi asalin karyar, maƙeri ya yi dariya ya ce uwarta ta Fulanin da suka wuce ce, uban kuwa sai dai a tambayi dare. Ta roƙi ɗaya idan an yaye. Bayan sati uku ta dawo da kanta a motar haya, da ƙwan zabi ashirin a ƙwarya, ta tafi da mafi shiru a cikinsu a ɗaure cikin gyalenta.

Maƙwabta suka yi ta tsiya, wai an kai ta gidan sarauta ta dawo da bara. Sai ta sa wa kwikwiyon suna Barsu. Kada ka ɗauka waliyyi ta samo. Ya cinye mata takalmi ƙafa ɗaya, ya tone mata yakuwa, in ta share tsakar gida sai ya bi tsintsiya yana kokawa da ita. Takan ɗaga murya, sannan ta juya baya don kada ya ga tana murmushi. Tsoron tsawa kuwa, ko an buga tasa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado.

Yana wata takwas, ranar wata kasuwa, hadarin farkon damina ya taso da rana tsaka. Ita tana kasuwa, ta bar 'yan tsakin zabi talatin da biyu a tsakar gida, kazar da ta ƙyanƙyashe su kuma ta riga ta yaye su ta koma wa zakaranta. Duk mai kiwo ya san ɗan zabo bai jure jiƙa. Ruwa ɗaya ya isa ya kwantar da su duka. Ta bar tallarta a hannun wata, ta taho da gudu, zane na naɗe mata ƙafa, tsawa na faɗuwa. Ta tura ƙofa, tsakar gida ta zama tafki, ba ɗan tsako ko ɗaya. Ɗakinta a buɗe, ƙarƙashin gado wayam. Can a gindin rumbu ta hango Barsu, ya naɗe jiki ya ba ruwa baya, feshi na dukansa. Duk lokacin da aka yi tsawa sai jikinsa ya kama ɓari, amma bai tashi ba. Ta durƙusa ta ɗaga ƙafarsa, sai ga kawuna suna leƙowa daga ƙarƙashin cikinsa, daga haɓarsa, daga tsakanin cinyoyinsa, a bushe, da ɗuminsu. Ta ƙirga talatin. Biyu ruwa ya ci. Ta cire gyalenta ta tsane masa baya, tana cewa, "Sannu, ɗan maƙera, sannu."

To, ni ban ce maka na birni mugu ne ba, ban kuma ce duk na ƙauye na kirki ne ba. Ka fara sanin aikin da za ka ba shi, sannan duk gidan da ka shiga ka ce a nuna maka uwar, ka zauna ka kalle ta ba gaggawa. Magabata sun riga sun gama magana: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.