Zane Uku a Littafin Baba

Auta ya maka littafin a kan teburin falo har kofin shayi ya tuntsure.

"Yaya, dubi wannan, sannan ki ce mini ƙarya nake."

Shekara huɗu ya yi a ƙasar waje yana karatun labarin zane, irin wanda ake jera hotuna su ba da labari ba tare da kalma ko ɗaya ba. Tun da ya dawo, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha lacca. Wai hoto ba ya buƙatar tafinta, wai zanen kowace ƙasa ka ajiye masa zai karanta maka kamar wasiƙa. Yayarsa kuwa cewa take an tura ƙato koyon wasan yara. Daga nan suka daina ga maciji.

Mahaifinsu tsohon kafinta ne, wanda fensir ba ya barin bayan kunnensa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da maganarsa, ya bar masa hannun hagu kawai. Yaya ce ta tattaro kayanta ta dawo gida jinya. Auta dai gudummawarsa littafi ne: ya zana akwati uku a jere a kowane shafi, ya ajiye wa tsoho a gefen gado, ya ce in yana da magana ya zana. Da ya ga tsoho ya fara cika littafin daga shafin ƙarshe, sai ya girgiza kai ya ce ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ranar Laraba aka ga ƙulu a goshin Baba. Yaya ta ce tana shanya ya zamo daga gado. Ranar Alhamis Auta ya buɗe littafin, ya ga abin da ya sa ya kira kawunsu a waya ya ce ya zo yanzu-yanzu.

Da biro ya riƙa nuna wa Kawu, akwati bayan akwati. A na hagu, ga tsoho a tsaye, mace mai ɗankwali ta riƙe masa kafaɗu. A na tsakiya tsohon ya karkace, hannayenta biyu a ƙirjinsa. A na dama yana yashe a ƙasa, ita tana bakin ƙofa.

"Ta kama shi, ta ture shi, ta fice abinta," in ji Auta. "Wannan ko ɗan aji ɗaya ya karanta."

Yaya ta miƙe. "Shekara uku ina kwashe kashinsa da fitsarinsa, kana can kana kallon hotuna! Ni zan ture ubana? Kai, Auta, ka ji tsoron Allah!"

Daga ɗaki aka ji Baba yana gurnani, yana dukan katakon gado da hannunsa mai lafiya.

"Kun ji ko? Ko muryarta ba ya son ji."

Kawu mutum ne da digiri ke razana shi. Ya juya littafin, ya sosa ƙeya, ya ce wa Yaya ta ɗan koma gidanta tukuna har ƙura ta lafa. Kowa ya san me hakan ke nufi. Kafin la'asar dangi kaf sun ji cewa ta daki ubanta a kan gadon jinya. Ta ja akwatinta ta fita ba ta waiwayo ba, ko sallama ba a bari ta yi wa tsohon ba.

Auta ya shiga da abinci yana jin kansa gwarzo. Baba ya kawar da kai, ya tankaɗe cokalin, hawaye na bin kuncinsa. Ya miƙa hannu ya fizgi littafin.

"Yauwa Baba, zana. Yanzu ba mai taɓa ka."

Auta ya ja kujera ya zauna. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa tsayawa ya ga tsohon yana zane ba, kullum gamamme yake tararwa.

Baba ya buɗe sabon shafi. Shi da rubutun allon da ya koya tun yana yaro daga dama yake farawa, ya tsallake akwatin hagu, ya tsallake na tsakiya, ya dasa fensir a na dama, ya fara labarin da tsoho yashe a ƙasa da 'yarsa tana shigowa a guje.