Kiran Suna Bayan Shekara Hamsin

Da aka zo kan sunan mijinta, zauren taron tsofaffin ɗaliban ya yi tsit.

Kwana shida ta yi tana tuƙo motarsu mai gado da kicin tun daga jihar Arizona ta Amurka, tana yi masa bita kamar ɗan firamare: "In an kira ka, ka miƙe ka ce, ina nan. Shi ke nan fa, tsoho." Ba ta son matan abokansa, masu rinannen gashi da baza kunne, su gane kanar guda ya fara ɓata tsakanin gado da banɗaki.

Al'adar 'yan ajinsu na makarantar hafsoshi kuwa, mai rai shi ke amsa sunansa, wanda ya mutu abokinsa ke amsa masa.

Aka sake kira. Gogan naka yana ta juya zoben ajinsu a yatsa, yana yi wa tuta murmushi. Ta taka masa ƙafa. Ta mintsine shi.

"Baiwar Allah, lafiya?" ya ce mata.

Wani mai sanƙo da suka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya, wanda ɗazu ya tare shi da "Kai, ɓarawon safa, ashe ba ka mutu ba!", ya daɗe yana kallonsa. Can ya dogara sanda ya miƙe, ya ƙame.

"Ina nan," ya ce.

Mijinta ya cire hula, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Allah sarki. Wane ne ya rasu?"